Adireshi Biyar na Shagon Kawu

Kawunmu yana sayar da maganin dabbobi. Babban shagonsa a Ƙaura Namoda yake, yana da ƙanana a Shinkafi da Moriki. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, sai ya rage zagaya su, ya ce wa yayana, wanda ya karanci kwamfuta, ya nemo dabarar da zai riƙa ganin komai daga zaune.

Yayana ya karɓo adireshin intanet guda biyar daga kamfani, irin waɗanda ba sa canzawa. Ni nake riƙe masa waya yana aiki. Ya ce mini, "Adireshin da mutane ke samu kamar rumfar haya ne, yau kana nan, gobe an tashe ka. Wanga kuwa gidanka ne, kowa ya neme ka zai iske ka."

Ya ba rawuta ɗaya, wato akwatin da ke raba intanet a shagon. Ya ba kyamarori ɗaya, ɗaya kuma kwamfutar da ƙananan shagunan za su riƙa shiga daga nesa, sauran biyun ya ajiye su. Na ukun nan ya ƙi amsawa. Muka wuni a kansa, kawu yana leƙowa yana cewa, "Ku dai kada ku ƙone mini shago." Da la'asar yayana ya gano lamba ɗaya ya juya. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya saya mana tsire.

Saura a haɗa ƙananan shagunan. Ranar kasuwar Moriki ya shiga mota da jakarsa, ya ce in zauna gaban allon kwamfuta, zai kira ni mu gwada. Na zauna har azahar ta wuce. Da wayar ta yi ƙara, muryar yaron motar na ji. An tare su kafin Moriki, an shiga daji da mutum da dama, har da yayana.

Yayana yana da ciwon suga. Wani da aka sako daga baya shi ya faɗa mana ya rasu a can, su suka yi masa sallah. Ba mu ga gawarsa ba.

Bayan zaman makoki kawu ya ce, "Ɗana, kwance wayoyin nan, ba na son ganinsu." Na roƙe shi ya bar ni in ƙarasa na Shinkafi. Ta waya na bi da mai tsaron shagon, ina faɗa yana dannawa, har na ji ya ce, "Ya buɗe! Ga shi nan!"

Na ajiye wayar na fita bayan shago, wajen buhunan gishirin shanu, na daɗe ina kuka. Shagon Moriki kawu ya rufe shi a daminar nan.