Bokitin Inna Sannu

Kafin ma'aikatan safe su gama isowa asibiti, Inna Sannu ta riga ta sauya takalmi ta ɗaura tsohon zanenta na aiki. Amma ba da tsintsiya take farawa ba. Sai ta shiga ɗan siton da ke ƙarshen baranda, inda ake ajiye sabulu da tsummokara, ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta ja ƙofa. Sababbin nas-nas kan ɗauka barci take sata. Da wata ta tambaye ta, cewa ta yi, "'Yar nan, jikina ne ya riga ni zuwa. Jira nake in iso." A wannan ɗan shirun take ambaton Ubangijinta, ta sauke faɗan maƙwabta da ciwon gwiwa da duk abin da ta kwaso a hanya, don kada ta shiga da su wurin marasa lafiya.

Tun da ƙarfinta take share ɗakin tsofaffi maza, ɗakin da ake daɗewa a ciki, wanda 'yan dubiya ke cikawa a makon farko sannan ƙafa ta ɗauke. Yanzu bayanta ya ranƙwafa, ruwan sabulu ya tsattsaga mata hannu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba a taɓa ambatonta a wani taro ba, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ko sunanta na yanka kaɗan ne suka sani. Sannun da take yi wa kowane gado ce ta zame mata suna.

A gadon bakin taga an kwantar da wani tsohon direba da ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansa, magidanci mai furfura a gemu, yakan kawo ledar magani, ya miƙa wa nas daga bakin ƙofa, ya juya. Wata baƙar magana ce uban ya yaɓa masa a bainar jama'a ranar da aka binne mahaifiyarsa, tun daga nan gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Tsohon kuwa, da ya ji takalmi a baranda sai ya karkato kai da ƙyar ya zuba wa ƙofa ido. Likita ya riga ya ce jikin ba na tashi ba ne.

Nas-nas sun yi wa ɗan tsohon nasiha har sun gaji. Ranar da numfashin tsohon ya fara sarƙewa, da hantsi, ɗan ya miƙa leda ya juya, sai ya tarar an malale baranda da ruwan sabulu daga bango zuwa bango.

"Inna, a ba ni hanya."

"Ba mai taka min wurin nan sai ya bushe, ko babban likita ne."

"Sauri nake, na bar shago a buɗe."

"Shago ba shi da ƙafa, ɗan nan. Zo ka zauna."

Ta zaunar da shi a kan bokitinta a sito, ta ja ƙofa. Ba taga, ba mai magana, daga shi sai zuciyarsa. Ita kuma ta ci gaba da goge wuri ɗaya, in ya fara bushewa ta sake jiƙa shi, bayanta na yi mata zogi.

Abin da ya gudana a ciki, shi da Allahnsa. Ya dai fito ido jajur. Baranda ta bushe, hanyar fita a sarari take, amma ya tsaya.

"Inna, yana gane mutane kuwa?"

"Je ka tambaye shi."

Nas ɗin da ke wurin ta ce a gaban gadon ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina kwana," alhali rana ta kusa tsaka. Ciwo ya riga ya ɗauke wa tsohon baki. Hannun da ya rage masa ya ɗora a kan ɗansa, ya bar shi a nan. Bai yi kwanaki ba ya cika, kuma ɗan ne ya rufe masa ido.

Da aka yaba mata, tsaki ta ja. "Ni goge-goge na yi. Har faɗa na sha ranar, wai na yi ɓarnar ruwa."

Inna, ke ce kika san cewa wanda bai zauna da kansa ba, ba zai iya zama da kowa ba. Mai share abin da tsintsiya ba ta kaiwa, kin gaji, mun gani, kuma mun makara wajen faɗa. Mun gode. Allah ya huta gajiyarki, ya ba ki mai ce miki sannu kamar yadda kika ce wa dubbai.

Mu kuma da muke gudu daga waya zuwa shago, daga shago zuwa gado, muna ɗauke da fushin da mun ma manta farkonsa, kowa ya nemi inda zai zauna shiru kafin ya shiga wurin mutanensa. Daga wata mai zuwa babu Innar da za ta jiƙa mana hanya.