Kitson Uwar Azaratu

Duk wanda ya zauna unguwar Dichemso a wancan zamani ya san Mma Lariya mai kitso. Ko bai san fuskarta ba, ya ga aikin hannunta a kan matarsa. Gajeriyar mace ce mai nauyin baki, ka gaishe ta da baki ta amsa maka da ka. Ita da ƙanwarta Sala wurin uwa ɗaya suka koyi sana'ar, kuma tun tasowarta ba ta yarda wani hannu ya taɓa mata kai sai na Sala.

Sai ga dokar korar baƙi a ƙarshen 1969, aka ce duk marar takardar zama ya tattara ya bar ƙasa. Mijin Sala mutumin Nijar ne, ya kwashi iyalinsa. Lariya ta raka su filin sukuwa na Res Kos, ta ga an loda su a lori tare da tukwane da katifu, ta dawo gida ta dama koko ta sha. Ba ta yi kuka ba. Kada wani ya yabe ta da dauriya, kukan ne kawai bai zo ba. Rabin masu zuwa kitso wurinta sun tafi, ita kuma kullum ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna, ba ta murna, ba ta baƙin ciki.

Wata Juma'a da la'asar Madam Sarwa, wata 'yar ƙabilar Asante da ke koyarwa a makarantar unguwa, ta shigo riƙe da hannun wata budurwar yarinya. Sunanta Azaratu. Madam ta yi bayani da Hausarta mai gargada: uwar yarinyar 'yar Nijeriya ce, sun daɗe da rabuwa da uban, da doka ta zo ta bi danginta, uban ya ce ɗa na uba ne ya riƙe 'yarsa. Ranar tafiya uwar ta yi mata kitso, kuma yau watanni ke nan ta hana kowa taɓa shi. Ya cukurkuɗe, yana wari, yara na toshe hanci. Ta fasa wa ɗaya baki, ta ciji wata. An yi bulala, an ba ta rubutu ta sha, duk a banza. Hedimasta ya ce in ba ta gyaru ba kafin hutu, ta zauna gida.

"Na zaunar da ita don ta faɗa min damuwarta, sai ta kalli bango," in ji Madam. "Mma, ko kan ne ki tsefe mata."

Lariya ta nuna wa yarinyar tabarma, ta hau kujerarta a bayanta. Tsinke na taɓa kan, wuyan Azaratu ya sandare. Lariya ta ajiye tsinken.

"Ba zan tsefe ba. Man kaɗanya kawai zan shafa miki. Ki dawo Juma'a."

Haka suka yi ta yi. Yarinya ta zo, ta juya baya, a shafa mai, ta tashi. Lariya ba ta tambaye ta komai ba. Ba wata hikima ba ce, ƙarfin tambayar ne ba ta da shi. Amma duk mai kitso ta san wannan: macen da ba ta ganin idonki, bakinta ya fi saurin buɗewa.

Wata rana, ba gaira ba dalili, Azaratu ta ce, "Uwata ta ce kafin kitson ya tsufa za ta aiko a ɗauke ni."

Hannun Lariya bai tsaya ba. Da wata ce, da ta ce ki yi haƙuri, tana nan tafe. Lariya ba ta iya wannan ba.

"Ya tsufa, Azaratu. Kuma ba laifinki ba ne."

Yarinyar ta miƙe ta shuri kwanon mai ta fita. Lariya ta ɗauko kwanon ta goge, ta ɗauka shi ke nan. Juma'a na zagayowa sai ga ta. Daga nan magana ta ɓalle. Ta ce tana jin haushin uwarta, kuma tana tsoron Allah ya kama ta da wannan haushin. Ta ce in yara suka yi dariya, wani zafi ke taso mata daga ciki har kunne, sai ta ga ta riga ta yi duka. Lariya ta ce in ya taso ta fita bakin famfo ta wanke fuska, ta ajiye sauran ta kawo mata ran Juma'a. Wani satin ta iya, wani satin ta kasa. Sannu a hankali ƙara ta daina zuwa gidan ubanta.

Ana gab da hutu, Azaratu da kanta ta ɗauki tsinken ta miƙo ta bayan kafaɗa. Gashi ya yi ta fita dunƙule-dunƙule, tana hawaye ba sauti. Aka wanke, aka yi sabon kitso. Madam Sarwa ta leƙo ta ce hedimasta ya janye maganarsa. Lariya ta ce to, madalla. Ta duba zuciyarta ko za ta ji daɗi, ba ta tarar da komai ba.

Ta sunkuya tana tattara gashin da ya zuba, sai ɗankwalinta ya zame. Azaratu na tsaye a kanta, ta daɗe tana kallo.

"Mma, naki ma ya tsufa."

Lariya ta kai hannu za ta ɗauki ɗankwalin, sai ta fasa. Ta zauna a kan tabarmar, inda masu zuwa kitso ke zama, ta juya wa yarinyar baya, ta miƙa mata tsinken.

"Bi a hankali," ta ce. "Hannun Sala ne."