Haƙorin Iya Yakaka Mai Turara Shinkafa

A Auyo, idan mata suka turara shinkafa suka shanya, ba mai kai ta injin casa sai Iya Yakaka ta ciza. Ƙwaya ɗaya take ɗauka ta sa a haƙori. In ta ji ƙas, ta bushe. In ta ji taushi, sai ta ce a ƙara mata rana, kuma ko buhu nawa ne, ko na wace ce, ba ta sauya magana. Katangarmu ɗaya da ita, na kuma sha ganin matan da suka yi mata gardama sun dawo daga inji da tsaki maimakon shinkafa.

Iyayenta daga wajen Tabkin Chadi suka zo, ita kuma a bakin tukunyar turara ta tsufa. Haƙorin turmin da take cizo da shi ya fashe wata kaka, aka cire. Ɗanta Abdulmannan, da ke aiki a Kano, ya kai ta wurin likitan haƙori aka yi mata dashe: aka kafa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, da ta kama aka ɗora haƙori a kai. Da yake tana da ciwon suga, sai da aka saukar da sugan kafin a taɓa ta, aka kuma ja mata kunne ta riƙe shi a haka.

Ta riƙe kuwa, har ta bar shayi mai suga, abin da ban taɓa zaton za ta iya ba. Sai damina ta kawo ambaliya, hanya ta yanke, fita sai da kwalekwale, maganinta ya ƙare. A tsakanin nan dadashin da ke kewaye da sabon haƙorin ya kumbura, yana jini in ta yi asuwaki. Sai ta daina goge wurin, wai ta bar shi ya huta. Ta kuma samo zuma, tana shafawa tana sha safe da yamma.

Na ce, “Iya, zumar nan fa zaƙi ce.”

Ta harare ni. “Ke Ummussalma, suga aka hana ni. Zuma magani ce, tun ba a haifi uwarki ba.”

Na ƙyale ta, domin Iya ba a kayar da ita a magana. Kuma wurin ba ya mata zafi sosai, shi ya sa duk muka ɗauka abin wasa ne.

Da ruwa ya janye na raka ta Kano. Likitan ya ɗauki hoton ƙashin ya nuna mana inda ya zaizaye a gindin ƙusar, kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi. Ya ce, “Mama, in suga ya hau, jiki ba ya iya kashe kumburi da wuri. Dattin da ya taru ya kunna shi, sugan ya hana shi mutuwa, shi kuma kumburin yana cin ƙashi. Ƙashin da ya tafi kuwa, da wuya ya dawo. Za mu wanke wurin, ki sauko da sugan, ki riƙa gogewa ko da jini. Cizon shinkafa kuwa ya ƙare, in ba haka ba sai mun cire.”

Wallahi tausayinta ya kama ni, don na san abin da aka ce ta bari. Can ta ce, “Likita, zumar da nake sha ma ita ta jawo?” Ya ce zumar ta taimaka wajen hawan sugan. Ta ce, “To, na ji. Laifina ne, ba na ɗana ba, kada a gaya masa ya yi asarar kuɗin dashen.”

Abin da ya burge ni shi ne ba ta ɓoye ba. Mutanenmu kan rufe ciwon suga kamar abin kunya, ita kuwa a wurin shanya ta tara mata ta buɗe baki ta nuna musu dadashin, ta ce duk mai suga ta kula da bakinta, kuma zuma ma suga ce. Ta ba da sauran zumar. Kafin damina ta gaba ta tanadi magani. Da muka koma, likitan ya ce zaizayar ta tsaya, haƙorin zai zauna.

Rannan na same ta a wurin shanya, mata sun kewaye ta suna jira. Ta ɗauki ƙwaya, hannunta ya tafi baki da kansa, har ta taɓa leɓe. Sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa wa Suwaiba, surukarta, ta kawo kunne dab da kumatunta.

Ta ce, “Ciza a hankali, 'yata. Ni zan ji.”