Randar da na wanke da jabel

A bazarar da na dawo Mayahi da takardar gama jami'a, ba aiki, na tarar da Inna kwance da ciwon ƙoda. Likita ya ce abu ɗaya ne a hannunmu: ta sha ruwa da yawa. Ita kuwa ba ta shan na ko'ina sai na randarta, wadda ke binne rabi cikin yashi a gindin bishiyar bedi.

Na leƙa randar na ga bayanta ya yi kore. Ban ce lalle akwai cuta a ciki ba, amma hankalina bai kwanta ba. Na kwashe ruwan, na goge cikin da sabulu, na zuba jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, na bar shi ya kwana. Ban san yumɓu yana shanye wari ba, ko kuma na sani na manta. Sau bakwai na ɗauraye ta. Inna ta kai moɗa baki, ta kau da kai. Na sayo na leda mai sanyi, ta ce roba yake yi mata. Kwana biyu leɓɓanta na bushewa.

Wadda ta gina randar ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, maginiyar tukwane a garin Sarkin Hausa. Ba ma ga-maciji. Shekarar da na shiga jami'a na ƙi shan ruwan gidanta, kuma ina jin na yi mata bayanin dalili a gaban mutane. Duk da haka na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na tafi.

Na same ta tana kwaɓa yumɓu. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

“Likitan turawa ne yau a gidan ƙazamai? Mi ya kawo ka?”

Na faɗa mata, ina ta kewaye-kewaye.

“Ka ba randa magani,” in ji ta. “Ita ce ba ta da lafiya?”

“Gwaggo, na ɗauka ko da wani abu ne a ciki.”

“Akwai. Ruwa. Shekara goma sha wani abu tana sha, ba ta mutu ba sai da ka yi karatu.”

Na ce ko za a samu sabuwa. Ta ce sabuwa sai an cika an zubar kwana da kwanaki kafin ɗacin wuta ya fita, uwata kuma ba ta da waɗannan kwanakin. Wannan maganar ta yi mani zafi, watakila don gaskiya ce.

Ta wanke hannu, ta shiga rumfa, ta juye ruwan randar da ita kanta take sha cikin tuluna. Na matsa in taimaka.

“Kar ka taɓa.”

Ta sa aka ɗaura amalanke, ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta zauna ta rungume randar a cinya. Ta ce in bi su a baya a kan babur ɗin, kada in sha gabanta. Haka muka yi ta tafiya cikin yashi da rana, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

A gidanmu ta ture tsohuwar randar gefe, ta gyara gurbin da hannunta, ta jiƙa yashin, ta cika randar, ta jefa saiwar jema don ƙamshi. Sai la'asar ruwan ya yi sanyi. Ta tallabo kan Inna, duk da su biyun ma ba su taɓa shiri sosai ba.

“Sha, ke ma da taurin kai kamar ɗanki.”

Inna ta shinshina, ta kurɓa, ta tsaya. Sannan ta shanye, ta miƙa moɗar a ƙaro. Ina bakin ƙofa ina ƙirga moɗa nawa, don likita zai tambaya.

Gwaggo ta ce, “Fita ka ba mu wuri. Inuwarka ma warin asibiti take.”

Na fita. Daga waje na ji an sake tsoma moɗa.