Ranar da Sammani Ya Buɗe Agogon Jafaru

Kafin masu shayi su gama ɗauraye kofuna, Malam Sammani ya iso bakin tashar Batsari a kan tsohon kekensa, akwatin gilashi ɗaure a baya. Ba ya kula kowa sai ya fara duba teburinsa, ko an matsar da shi, ko wani ya zauna a kai. Sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera hantsaki da 'yan sukudirebobi, ya ajiye farin faranti a tsakiya, ya maƙala madubin aikinsa a idon dama. Daga nan ake samun gaisuwa a wurinsa, ita ma a gajarce. Haka yake tun muna samari, har kwanan nan da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce zai tattara ya koma gonarsa a Karare.

Kada wani ya yi muku ƙarya don yau ana yabonsa. Sammani ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kuma bai yarda da kowa ba. Ka kawo agogo ka ce da kansa ya tsaya, sai ya dube ka ya ce, "Da kansa kuma ya faɗa turmi?" Ka ce za ka bar masa ka je ka dawo, sai ya miƙo maka abinka. Ba ya buɗe agogo sai mai shi na tsaye, kuma duk abin da ya cire a farantin nan yake ajiyewa, a gaban idonka, don kada gobe ka ce ya musanya maka kayan ciki. Mun yi mita a kan wannan hali har mun gaji.

Da waya ta zo, masu gyaran agogo suka watse, wasu suka koma sayar da caja. Sammani ya zauna. Mutanen da suka riƙe shi su ne na bakin daji, daga Ruma har Zakka ta ƙasar Safana, inda babu wutar caji, inda kuma waya a aljihun mutum kan jawo masa tambaya daga kowane ɓangare, na 'yan bindiga da na 'yan sintiri. Su ne ke neman agogon nan mai nauyi da ake samu a gwanjo, wanda aka ƙera don masu nutso a teku. Ba ya cin batir, motsin hannu ne ke tuƙa shi. Iri biyu yake zuwa. Akwai mai marfin ƙarfe a baya, rufe ruf. Akwai mai marfin gilashi, wanda in ka juya shi za ka ga kayan cikinsa suna aiki.

Samari gilashi suke so. Sammani kuwa ya tsane shi. Yakan ce, "Marfin ƙarfe ƙofa ɗaya gare shi, roba ɗaya ke tsare ta. Na gilashi ƙofa biyu ce, ruwa kuma ba ya gajiya da neman ƙofa. Kai da za ka ƙetare rafi da shanu, kallon mi za ka yi a ciki? Sinima ce?"

Da wannan magana ya juya ra'ayin Jafaru, wani makiyayi mai ɗan noma daga wajen Ruma, ranar da ya zo ya ɗauki mai gilashi yana ta juya shi a rana. Jafaru ya ajiye, ya ɗauki mai ƙarfe. Agogon ya yi masa damina da rani ba tare da ya taɓa tsayawa ba.

Sai aka shiga wata unguwa kusa da rugarsu aka kore shanu, aka kashe mutum biyu, su kuma a wannan karon ba a taɓa su ba. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Aka fara tambayar wa ya nuna hanya. Wani ya ce agogon Jafaru na haske a duhu. Wani ya ce ya sha ganinsa a wurin kiwo yana murza zoben da ke bakin fuskar agogon, yana ƙas-ƙas, kamar mai aika saƙo. Wani ya ce abin da ba ya cin batir kuma ba ya mutuwa, to daga wani wuri ake ba shi wuta. 'Yan sintirin ƙauyen suka kama shi, suka sa wuƙa za su ɓalle marfin, marfi ya ƙi. Ƙin buɗuwar ya ƙara musu tabbaci. Sunan infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ya hau kansa, kuma wanda wannan suna ya hau kansa a wajenmu ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba. Wani dattijo ne ya tsaya kai da fata cewa a kai abin wurin mai gyara tukuna.

Inno, mahaifiyar Jafaru, ta riga su isowa a bayan babur, ko ƙwaryar nono ba ta ɗauko ba. Ta durƙusa gaban teburin.

"Malam, ka san yaron nan. A wurinka ya sayi abin. In sun zo ka ce masu babu komai a ciki."

Sammani ya ce, "Inno, tashi ki zauna a benci. Ba zan ce ba."

"Don Allah, Malam."

"Tun da ya bar teburin ga ban sake ganin cikinsa ba. Ina na san hannun da ya bi? Abin da ban gani ba, ba na rantsuwa a kansa, ko ɗan cikina ne."

Waɗanda ke wurin sun ce a lokacin sun ji kamar su mare shi. Tsohuwa tana kuka, shi yana goge hantsaki.

Sai ga babura. Shafi'u, shugaban 'yan sintirin, ya sauko da Jafaru, hannuwansa ɗaure da rawaninsa. Ya ajiye agogon a kan tebur da ƙarfi.

"Baba, buɗe mana wannan."

"Ba a gaisuwa a garinku?"

Shafi'u ya gaishe shi a tsaitsaye. Sannan ya ce, "An ce mai gilashi ya so saye, kai ka hana shi, ka zaɓa masa wanda ba a ganin cikinsa. Mi ya sa?"

Kowa ya gane cewa igiyar ta fara miƙowa wajen tsohon shi ma.

Sammani ya ce, "Saboda ruwa. Kwance masa hannu."

"Ba za a kwance ba."

"To ɗauki agogonka. Ba na buɗe kayan mutum sai yana tsaye a kaina da hannunsa da idonsa. In na buɗe yana ɗaure, gobe ku ce na ɓoye wani abu, ko shi ya ce kun jefa wani abu. Ban yarda da kai ba, ban yarda da shi ba. Ku duka ku matso, kowa ya sa hannunsa a bayansa."

Aka kwance Jafaru. Sammani ya ɗauko maɓallinsa mai haƙora uku, ya kafa a ramukan marfin, ya murɗa. Irin wannan marfi murɗa shi ake yi, shi ya sa wuƙa ta kasa. Ya ɗaga shi ya kifa a faranti. Ya zare baƙar robar da ke hana ruwa shiga. Ya kwance wani ƙarfe mai kama da rabin wata, ya nuna musu yadda yake lilo in hannu ya motsa, ya ce wannan shi ne batir ɗin da suke nema. Bai tsaya nan ba. Ya ciro injin ɗin gaba ɗaya, ya miƙa wa Shafi'u gidan agogon fayau, ya ce ya leƙa ta ciki ya ga rana. Ya cire madubin idonsa ya ba shi, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Shafi'u ya daɗe a sunkuye yana kallon 'yan ƙananan tayoyi masu haƙora. Babu waya, babu layi.

Ya ce, "Hasken fa?"

Sammani ya shanya fuskar agogon a rana, ya cusa ta cikin hularsa, ya ce ya leƙa. "Fenti ne. Rana yake sha."

"Zoben?"

Jafaru ne ya amsa. "In na kai shanu ruwa nike saita shi, in san lokacin da zan juyo kafin la'asar."

Shafi'u ya miƙe ya ce, "Ke nan ka wanke shi, Baba?"

"Agogo na buɗe, ban buɗe mutum ba. Cikin wannan babu komai. In kuna da wata shaida, ku kai ta inda ake kai shaida. In wannan ce kaɗai, ga ta nan a faranti."

Ba su da wata. Amma wani daga cikinsu ya yi magana daga baya, ya ce yau dai babu, wa ya san abin da za a saka gobe in an mayar da marfin? Kawuna suka gyaɗa. Sammani ya ji, ya kuma san ba wasa ba ne. Ya jawo akwatinsa ya tono marfin gilashi na wani mataccen agogo, ya ajiye shi kusa da na ƙarfen.

"Jafaru, ga biyu. Wannan naka ne na asali, in na mayar da shi ko kogi ka shiga ba ruwanka. Wannan kuwa aro ne, zai zauna amma ban lamunce masa ruwa ba. Ni dai ka san wanda nike so. Amma ba ni ke bin hanyar Ruma ba."

Jafaru ya dubi marfin ƙarfen. Ya ce, "Baffa, ni ban yi komai ba. Don mi zan riƙa yawo da cikina a buɗe?"

Inno ta ce daga benci, "Sa masa gilashin."

Sammani ya haɗa agogon, ya ɗaura marfin da ya shafe shekaru yana zagi, ya ɗaure shi da zare ya zura a bokitin mai shayi. Ya ciro, ya ɗora a kan murfin tukunya mai ɗumi, ya ɗiga ruwan sanyi a fuskar. Wani ɗan gumi ya fito ta ciki. Da wani mai gyaran ne, da ya share da babban yatsa ya ce lafiya lau. Shi ya nuna wa Jafaru, ya ce, "Ka gani? Yana sha. Yayyafi ba komai, amma kada ka nutsa shi."

Jafaru yana nan da ransa, yana kiwonsa. In ya zo shingen 'yan sintiri, kafin a tambaye shi yake kwance agogon ya juya bayansa, su leƙa su ga rabin watan nan na lilo, su ce ya wuce. Har yau akwai masu kallonsa a kaikaice, ba zan ɓoye ba. In kuma damina ta yi, ya zo ƙetare rafi, sai ya cire agogon da aka ƙera don ƙarƙashin teku ya cusa a cikin hula, ya bi shanunsa ruwa har ƙirji.

Malam Sammani, mai ido uku na bakin tasha, kai ne ka ƙi yi wa tsohuwa ƙaryar da za ta sanyaya mata rai, don ka san in ka rantse kafin ka buɗe, maganarka ba za ta yi nauyin komai ba bayan ka buɗe. Kai ne aka nuna wa yatsa a gaban jama'a, ba ka fasa aikinka ba. Ka fi kowa zargi a garin nan, amma zarginka bai taɓa sa an ɗaure wani ba, don kai in ka yi zargi dubawa kake yi. Mun gode. Allah Ya ba idonka lafiya, Ya sa gerona da naka su yi kyau bana, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samarinmu masu tsaron gari, ba a ce ku yarda da kowa ba, zamanin bai ba da wannan ba. Amma tsohon nan zai koma Karare, teburinsa zai tashi daga bakin tasha. Ranar da aka sake kawo muku wani da hannu a ɗaure, babu Sammanin da za ku kai wa. Ku za ku kwance shi, ku tsayar da shi kusa da ku, ku duba tukuna.