Irin Masarar Malam Maitama

Malam Maitama na Mahuta mutum ne da ko awakinsa ba ya wucewa bai ce musu sannu ba. Ya haura saba'in, noman masara ya sani tun tasowarsa. Boko kuwa sai da ya yi gemu ya koya a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yake rubutu kamar mai shuka, a hankali, harafi bayan harafi.

Shekara talatin yana sayen iri a shagon Donatus a Funtua. Da ciwo ya kwantar da Donatus, 'yarsa Chizoba, haifaffiyar garin, ta karɓi shagon, ta zo da sabon tsari. Mai son iri ya tura kalma ɗaya tak, IRI, zuwa lambar shagon. Na'ura za ta gane kalmar, ta sa shi a layi, ta aiko masa ranar karɓa. Irin bana kaɗan ne, wanda ya riga shi zai samu.

Maitama ya ji bayani sarai, amma hannunsa ya ƙi. Kalma tsirara, ba sallama, zuwa gidan da ake jinya? Sai ya rubuta: "Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Idan ba damuwa a ajiye mini nawa."

Nan take amsa ta dawo: "Ba a gane saƙonka ba. Tura IRI."

Bawan Allah ya ɗauka gaisuwarsa ce ta yi kaɗan, washegari ya ƙara mata tsawo. Maƙwabcinsa Ɗanasabe ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, inji kake gaisarwa fa!"

"Ko inji ne, ai a gidan mutane yake," in ji Maitama.

Ana haka ruwan shuka ya sauka. Maƙwabta suka duƙufa, gonarsa tana kwance ba ko ƙwaya. Tsoro ya kama shi, don wanda shuka ta wuce, shekara ce ta wuce shi. Ya hau motar Funtua.

"Baba, iri ya ƙare tun shekaranjiya, kuma ba sunanku a layi," in ji Chizoba.

"'Yata, sau tara na rubuto."

Ta buɗe inda na'urar ke zuba saƙonnin da ba ta gane ba, wurin da ba ta taɓa leƙawa ba. Ga su nan, tara cif. Wani yana tambaya ko Donatus ya fara cin abinci, wani yana cewa a riƙa fito da shi ya sha hantsi. Manoma ɗari huɗu sun turo IRI, mutum ɗaya ne ya tambayi mahaifinta. Ta karanta har ƙarshe, hawaye na ɗiga kan wayar, kunya da daɗi duk sun cika ta.

Ta shiga ciki, ta jawo wani buhu da aka rubuta wa sunan Donatus.

"Na gonarsa ne ta hanyar Bakori. Na ɓoye shi ina sa ran zai tashi kafin damina." Ta goge ido da bayan hannu. "Likita ya ce bana ba zai riƙe fartanya ba. Baba, ku tafi da shi, ku shuka."