Naman da aka binne bayan rumbu

A wani asibiti na ƙetaren iyaka, cikin Benin, aka yanke wa yayata ƙullutun da ya fito mata a nono. Likita ya ce yana zargin ciwon daji ne, wato kansa, ya miƙo naman a cikin kwalba, ya ce a kai gwaji. Mijinta ya karɓa har da godiya. Muna isowa garinmu Illo, sai ya naɗe naman a farin ƙyalle ya binne bayan rumbu. Haka muke yi: abin da aka yanke daga jikin mutum ƙasa ake ba, ba a yawo da shi gari gari.

Damina na faɗuwa ciwon ya dawo, ya ci hammata.

Mai kemis ɗinmu, wata 'yar kudu mai son labari, ita ta nuna mini a wayarta. Wai ana gwada wata allura a Turai, mRNA suke ce mata. Sai a duba naman ciwon mutum, a gano alamominsa, a sa saƙo cikin allura wanda zai koya wa garkuwar jiki ta gane kansar ta far mata. Kowa da tasa, kamar ɗinkin tela. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na kai wa Yaya don ta ji sanyi.

Ta yunƙura ta zauna. "Da naman aka yin ta? To namu hwa, ina yake?"

Na ce, "Yaya, gwaji ne, kuma can nesa."

"Tai ka tono shi, auta. Ni dai tono min shi."

Na ɗauki fartanya. Gara ta riga ni, ko zaren ƙyallen ban samu ba.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, ko da kwalbar na nan lafiya lau, wa za mu kai wa? Mu da maganin rage zafi mai ƙarfi ma sai an tsallaka iyaka. Wannan allura ba da mu aka auna ta ba. Na faɗa mata haka ya fi a ƙirga, ba ta ji.

Ita dai ta riƙe cewa maganinta ne mijinta ya binne. Mutumin da ke wanke mata miki da hannunsa, yana ba ta kunu a baki. In ya shigo da kwano sai ta juya fuska bango. Har ta rasu ba ta ƙara ce masa kanzil ba, kuma shi ma ya yarda laifinsa ne.